Kaset na Sha Uku

"Ba nan ba ne," in ji Kwaji daga kan gado. "Matsa wajen mangwaro."

Malam Yaji ya dogara da ƙotar diga ya dube shi. Rami na uku ke nan da ya haƙa a tsakar gidan tun hantsi, ƙasa kuwa ta ƙeƙashe, don ruwan bana bai sauka ba tukuna.

"Ɗazu ka ce wajen rijiya."

"Ɗazu ban tuna ba."

"Kai ka binne, ko aljani?"

"Ni ne. Amma ana harbi lokacin."

Yaji ya tofa yawu a tafin hannu ya matsa wajen mangwaro. Shekararsa saba'in da huɗu. Shekara arba'in ya yi yana dillanci a kasuwar shanu ta Mubi, kuma abin da aka san shi da shi ɗaya ne: ba ya sayar da saniya sai ya faɗa wa mai saye aibinta, ko da cinikin zai watse. Har yau in ya wuce ana miƙewa a gaishe shi. Ga shi yanzu yana tonon gidan maƙwabci kamar gafiya, saboda kaset ɗin bidiyo.

Maƙwabcin shi ne Kwaji, tela, Kirista. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a unguwar Nassarawo tun kafin su haifi 'ya'ya. Sati biyu da suka wuce aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. Hanta ce. Ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, gani ya dushe har ba ya gane mutum sai ya yi magana. 'Yarsa Ƙauna ta zo daga Yola tana jinyarsa, ita ke fito da gadon baranda kowace safiya don ya sha iska.

Diga ta daki ƙarfe. Yaji ya durƙusa ya ƙarasa da hannu. Babbar tukunya ce irin ta girkin biki, an ɗaure murfinta da robar taya. A ciki akwai leda, a cikin ledar kaset goma sha uku, kowanne da lambarsa da jan fenti.

Ƙauna ta leƙa, ta riƙe ƙugu.

"Keken ɗinki biyu, Baba. Talabijin. Takardun gida. Duk ka bar su a sarari, ka binne wannan."

"Keke ba ya shiga tukunya," in ji Kwaji.

Ranar Larabar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, shekara ɗaya da rabi da ta wuce, kowa ya ɓoye abin da hannunsa ya iya kaiwa kafin ya gudu. Yaji da Kwaji tare suka taka da ƙafa har Sorau. Da suka dawo bayan wata huɗu, ko ƙyaure ba su tarar a gidan Kwaji ba. Ɗansa Ishiyaku kuwa, wanda ya juya daga hanya a ranar don ya ɗauko surukarsa, har yau ba a ga shi ba, ba a ga gawarsa ba. Tun daga nan Kwaji bai sake maganar tukunya ba, sai jiya da ya sa aka kira masa Yaji.

"Lokacin na sha uku ya yi," ya ce masa.

Kaset ɗin na wani tsohon shirin talabijin ne na Turawa. Kwaji ya saye su a 1992, haɗe da akwatin bidiyo, wajen wani malamin makaranta ɗan Indiya da zai koma ƙasarsu. Jarumin wani ƙato ne mai rufe fuska, kayansa baƙi da fari, yana dirowa daga saman bene da mayafi a buɗe. Ba wanda ya iya faɗin sunansa na Turanci, sai unguwa ta sa masa Shamuwa. Mugayen kuwa su huɗu ne, kullum su ne dai. Akwai Uwar Zuma mai sakin ƙudan zuma a cikin banki, da Ƙafar Katako, da Likita Mai Tari wanda hayaƙinsa ke sa gari barci. Babbansu shi ne Dogon Wuya, siriri mai doguwar hula da dariya kamar ta akuya.

Kowace Asabar bayan la'asar ake kallo. Kwaji kan zauna kusa da talabijin yana fassara, kowane mugu da irin muryar da yake yi masa. Da farko tsakar gidan ba ta ɗaukar jama'a. Daga baya kowa ya sayi nasa akwatin, ƙwallo ta zo, waya ta zo, aka watse. Saura mutum biyu, da kaset goma sha biyu da suke zagayawa, in sun kai ƙarshe su koma farko.

Shi Yaji bai taɓa cewa yana son shirin ba. Zuwa yake yi ya shimfiɗa buzunsa ya yi faɗa.

"Shamuwa ya kama Dogon Wuya a na biyu. Ya miƙa wa 'yan sanda. Ga shi nan a na biyar da sabuwar hula. Wannan wane irin aiki ne?"

"Doka ce ta ƙasarsu, Malam."

"Kura ta ci maka maraƙi, ka kama ta da hannunka, sai ka kai ta gaban alƙali? Ƙarfi kamar na bijimi, hankali kamar na kaza."

"Haƙuri. A na sha uku zai gama da shi."

"To sa mu gani."

"Ba yau ba."

Kullum ba yau ba. Wani satin wuta ba ta da ƙarfi, za ta cinye zaren. Wani satin azuminsu ne na Kirista, ba a kallon kisa. Ya ce shi kansa bai taɓa kallo ba, Ba'indiyen ne ya ba shi labari, kuma tare za su gani. Sau biyu Yaji yana cewa ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba. Asabar na zagayowa sai ga shi da buzu a hammata.

In an gama kallo akwai doka. Ba a mayar da kaset kwalinsa sai an juya zaren ya koma farko, kuma ba da inji ba, don kada injin ya gaji. Da ƙusa ake danna ɗan ramin da ke ƙasan kaset, a sa ƙotar cokali a juya. Wannan aikin ma Yaji aka bar wa, shekara ashirin da biyu, yana yi yana mita.

Yanzu ga kaset, babu inji. Washegari Yaji ya hau Keke Napep zuwa Sabon Layi, shagon Kalibu mai gyaran rediyo da talabijin. Kalibu ya ɗaga kaset ɗin sama yana juya shi, yana dariya.

"Baba, wa ke kallon wannan yanzu? Faɗa mini sunan fim ɗin in nemo maka a waya."

"Na ce maka waya?"

"Dubi ciki. Duk fumfuna ce, ta yi fari. In ka sa shi haka zai tsinke."

"To aikinka mene ne?"

Kalibu ya daina dariya. Ya shiga ƙarƙashin tebur ya jawo wani akwatin bidiyo da wani ya kawo gyara ya manta da shi tun kafin gudu. Ya ce zai kwance kaset ɗin ya goge zaren da auduga taƙi-taƙi, kwana uku ne aƙalla.

"Kada ka kalla," in ji Yaji.

"Dole in gwada, Baba."

"Gwada da na bakwai. Ba abin da ke cikinsa sai shirme."

Ran Alhamis Kwaji ya daina cin abinci, ko kunu sai cokali biyu. Ran Juma'a da safe Kalibu ya aiko cewa ya gama. Yaji ya shiga gidan da saurinsa ya ce yau bayan masallaci za a kalla.

"Asabar ake kallo," in ji Kwaji.

"Kai ka ga kanka kuwa?"

"Ba na gani, ai ka sani."

"Mutuwa ta yi maka alkawarin za ta kai ka gobe ne?"

"Na gaya mata ta jira."

Yaji ya dubi Ƙauna. Ta ɗaga kafaɗa. Ya fita yana magana shi kaɗai da Fillanci, har matan da ke bakin famfo suka yi shiru sai da ya wuce. Ran nan sau huɗu yana zuwa jikin katanga yana kasa kunne, sai ya ji tarin Kwaji sannan ya koma ya zauna.

Asabar ta same shi da rai. Bayan la'asar Kalibu ya zo da injin da ƙaramar talabijin da janareta. Ya kai janaretan bayan gida saboda ƙara, ya ja waya zuwa baranda. Yaji ya shimfiɗa buzunsa a inda ya saba, gefen dama, jikin ginshiƙi. Ƙauna ta tada kan uban da matashi biyu.

"Yau kai za ka fassara," in ji Kwaji.

"Ni na yi boko ne? Kai dai saurara ka faɗa mana. Kunnenka ai lafiya yake."

"Kunne lafiya. Turancin ne babu."

"Kamar yaya babu?"

"Aji uku na tsaya, Malam. Waɗannan kuma ta hanci suke magana. Ko gaisuwarsu ban taɓa kamawa ba. Hoto nake kallo in faɗi abin da ya dace."

Yaji ya daɗe yana kallonsa.

"Duk abin da Dogon Wuya ke faɗa?"

"Ni ne."

"Ranar da ya ce dillalin shanu ba ya shiga aljanna sai da shaidu biyu?"

"Ni ne."

"Na yi sati ina mamakin inda Bature ya san dillalin shanu."

Kalibu ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar da ba abin da ya same ta. Yaji ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi. Ya kai bakin zaure ke nan Kalibu ya danna injin, kiɗan farko ya tashi, ƙaho da ganga, wanda duk yaron da ya girma a layin ya iya shi da baki. Yaji ya tsaya. Ya tsaya dai. Sannan ya dawo ya warware buzun bai dubi kowa ba.

"Abin da na gani zan faɗa," ya ce. "Ba ƙari."

Hoton yana rawa, fararen layuka na ratsa shi, amma ana gani.

"Mota ta fito. Ta tsaya. Dogon Wuya ne. Da Uwar Zuma. Da sauran biyun, duk sun haɗu."

"Me ya ce?"

"Ina na sani?"

"Ka ce wani abu mana."

"Bakinsa na motsi."

"Allah ya ba ni haƙuri," in ji Kwaji. "Shekara ashirin da biyu kana zaune kusa da gwani, ba ka koyi komai ba."

Haka suka yi ta yi. Mugayen sun kama mutane, maza da mata, sun kulle su a wani ɗaki a ƙasan bene. Shamuwa ya faso ta taga. Ƙafar Katako ya faɗa cikin ganga. Likita Mai Tari ya shaƙi hayaƙin kansa ya ɓingire. Yaji yana faɗa a gajarce kamar mai ba da shaida, amma ya matso gaba har ya bar buzun a baya. Dogon Wuya ya ruga yana hawa matakala zuwa saman bene, Shamuwa na bin sa. Sai hoton ya murɗe, injin ya yi ƙara, allon ya koma shuɗi.

"Ya kama zare," in ji Kalibu. "Minti biyar."

Ƙauna ta yafito Yaji da hannu zuwa ƙofar madafa. Ta rage murya.

"Baba Yaji, ko me ya faru, ka ce masa an kashe shi."

"In ba a kashe shi ba fa?"

"Ka ce an kashe."

"'Yata, ban taɓa sayar da gurguwar saniya na ce lafiyayya ce ba. Da furfurata zan fara?"

"Tun da kuka dawo daga gudu kullum maganarsa ɗaya ce, wai 'yan Boko Haram ma za su dawo, kamar Dogon Wuya, an kora sun dawo, an kora sun dawo. In ya yi barci sunan Ishiyaku yake kira. Ya tafi da abu ɗaya da aka gama da shi mana. Ba gani yake ba."

"Allah na gani."

"To," ta ce. Ta koma ta zauna bakin gado.

Kalibu ya ciro zaren, ya miƙar da shi da yatsa, ya mayar. Hoto ya dawo. Suna saman bene suna dambe. Ƙafar Dogon Wuya ta zame, ya wuce baki, yana lilo a sarari, motoci can ƙasa kamar tururuwa. Shamuwa na riƙe da wuyan hannunsa.

"Ya riƙe shi da hannu ɗaya," in ji Yaji. "Yana lilo. In ya buɗe yatsu, shi ke nan."

Yana kallo Shamuwa ya jawo mutumin sama, ya tsayar da shi da ƙafafunsa, har da kakkaɓe masa kafaɗa. 'Yan sanda suka zo da ankwa. Aka nuna shi a bayan ƙarafan kurkuku. Ya cire doguwar hular, ya laluba ciki, ya zaro mabuɗi, ya dubi masu kallo ya saki dariyar nan tasa ta akuya. Kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

"Yaya?" in ji Kwaji. "Ka yi shiru."

Kalibu na kallon ƙasa. Ƙauna na kallon Yaji. Shi kuma yana kallon hannun Kwaji a kan zane, ƙashi da fata, da kantar almakashi har yanzu a babban yatsa.

"Ya sake shi," in ji Yaji.

"Ya faɗo?"

"Ya faɗo. A kan kwalta. Ko shurawa bai yi ba. An rufe shi da buhu."

"Sauran ukun fa?"

"Sun ga gawar. Ba za su sake ba."

Ya share gumi da hannun riga. Sai ya ga cikin Kwaji na girgiza. Ƙauna ta zabura, ta zaci numfashi ne ya sarƙe. Dariya ce, marar sauti, har da hawaye.

"To wa ya yi dariyar nan ta ƙarshe?" in ji Kwaji. "Gawa?"

Ya share hawayen, ya ci gaba.

"Mabuɗi a cikin hula. Ranar da na sayo na kalla. Sau uku."

"Ka rantse mini ba ka gani ba."

"Ban rantse ba. Faɗa kawai na yi."

"Kai dai ba mutumin kirki ba ne, Kwaji. Rami huɗu. Tafiya har Sabon Layi. Ka sa na yi ƙarya gaban 'yar cikinka. Don me?"

"Da na nuna maka a lokacin, za ka sake shigowa gidan nan?"

"Ko kusa."

"To."

Janareta na ta kuka a bayan gida. Kalibu ya tashi a hankali ya je ya kashe shi. Gidan ya yi tsit, sai kukan kurciya a kan mangwaro. Kwaji ya laluba gefen gado har ya samu hannun Yaji, ya riƙe shi a wuyan hannu.

"Amma naka ya fi," ya ce. "Sake faɗa. Daga inda yake lilo."

Yaji ya yi tsaki. Ya gyara zama. Ya sake faɗa, wannan karon a hankali. Ya ce Dogon Wuya ya roƙi a kai shi gaban alƙali, Shamuwa ya ce masa alƙali ya gaji da ganinka. Ya ce hular ce ta fara isa ƙasa, mota ta bi ta kanta.

"Waɗanda aka kulle a ɗaki fa?"

Yaji ya dubi Ƙauna, ya juyo.

"An buɗe musu. Kowa ya koma gidansu. An tarar da su a ƙofa ana jira."

"Duka?"

"Duka. Na ƙirga."

Kwaji ya gyaɗa kai. Bai saki hannun ba har barci ya ɗauke shi. Yaji ya zauna haka, hannu a miƙe, sai da aka kira magariba sannan Ƙauna ta zo ta zare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ran Litinin da hantsi Kwaji ya cika. Ƙauna na shanya a igiya, ta juyo ta ga bakinsa a ɗan buɗe, ƙuda ya sauka bai kore shi ba. Ba ta yi kururuwa ba. Ta je jikin katanga ta kira, "Baba Yaji." Daga muryar ya gane.

Ranar jana'iza Yaji ya tsaya ƙarƙashin bishiya a ƙofar coci har aka gama waƙoƙi, ya bi gawar da ƙafa zuwa maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Wani dattijon coci ya ce ko zai faɗi wani abu game da mamacin, tun da shi ne maƙwabcinsa mafi daɗewa.

"Ɗinkinsa ba ya warwarewa," in ji Yaji. Ya koma baya.

Asabar bayan la'asar Ƙauna na haɗa kayanta za ta koma Yola, ta ji sallama. Yaji ne da buzu a hammata. An shigar da gado, barandar ba komai sai tukunyar nan a lungu. Ramuka huɗun na nan a tsakar gida ba a cike su ba. Ya shimfiɗa buzun jikin ginshiƙi, ya buɗe tukunyar. Na sha uku na sama, ba a cikin kwalinsa ba, zaren duk ya taru gefe ɗaya yadda Kalibu ya fitar da shi.

"Ba ni cokali da ƙusa," ya ce.

"Baba, ai ba wanda zai sake kallonsa."

"Ba a mayar da shi kwali a haka."

Ta kawo masa. Ya danna ƙusar a ramin, ya sa ƙotar cokalin, ya fara juyawa. Ƙauna ta tsaya a bakin ƙofa da zane a hannu. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro tana zuba busassun cikin ramukan. Shi dai yana juyawa, kansa a sunkuye, zaren na barin gefe ɗaya yana komawa ɗayan kaɗan-kaɗan.